Natsuwa: Biyu Cikin Ashirin

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan La'asar

Koci Junaidu ya liƙa takardar a bangon firamaren da muke atisaye. Sunaye ashirin da biyu, waɗanda za su wakilci Anka da Gummi da Bukkuyum a gwajin Gusau ranar ɗaya ga watan gobe. An ce masu ɗaukar 'yan wasa daga manyan kulob za su zo. 'Yan baya shida ne a ciki. Na karanta daga sama zuwa ƙasa, na sake karantawa daga ƙasa zuwa sama, don idona yakan tsallake layi wani lokaci. Babu Zayyad.

Shekara uku ina riƙe da lamba biyar a kulob ɗin Tauraron Anka. Bana wasa goma sha huɗu muka buga, ƙwallo takwas kacal aka zura mana. Wanda aka sa a wurina Mu'awiya ne, ɗan Gummi. Su an zura musu ashirin da uku.

Koci ya ce takardar ba ta gama zama ba sai an buga wasan gwaji na Bukkuyum ranar ashirin da biyar. Bai kalle ni ba da yake faɗa.

Ban yi fushi ba. Na koma shago na ƙarasa wandon da na bari a keke.

Talata, 7 ga Oktoba, hantsi

Na sami Koci a ƙofar gidansa. Ya ba ni tabarma, ya shiga ya fito da wata takarda. Ya ce yadda hanya take yanzu ba ya iya zuwa Gummi da Bukkuyum kowane mako ya ga yara da idonsa, shi ya sa ya nemi Haris ya taimaka masa da kwamfutarsa.

Haris abokina ne tun muna aji uku. Shi ke da shagon cajin waya a bakin tasha. Yana da wasan nan na kwamfuta da mutum yake zama koci, ya tsara 'yan wasa, kwamfuta ta buga musu. Daminar bara waccan ya zauna ya shigar da kulob takwas na yankinmu a ciki, da sunayenmu na gaskiya, ya ba kowa maki daga ɗaya zuwa ashirin a kan gudu, tsalle, ƙarfi, iya tsayuwa, hangen ƙwallo, da sauransu. Da wasa aka fara. Mukan taru a shagon mu ga kanmu muna zagaya fili kamar tururuwa, mu yi ta dariya. Ni na taya shi ba 'yan baya maki.

To, Koci ya sa shi ya buga kakar wasa biyu a kwamfutar, ya fitar da alƙaluman 'yan baya. Ga abin da na kwafa:

Ƙwace ƙwallo a kowane minti casa'in: Mu'awiya 3.9, Zayyad 1.4.
Tsinke fasin: Mu'awiya 2.0, Zayyad 3.1.
Cin ƙwallon sama: shi 64 cikin ɗari, ni 66.
Kuskuren da ya jawo aka ci: shi 2, ni 9.

Na ce wa Koci ai ya ga wasana da idonsa shekara uku. Ya ce ya gani. Ya naɗe takardar.

Talata, bayan Magariba

Na biya shagon Haris. Ya ce janareto ya lalace, yana sauri zai kai wa makanike. Janareton yana aiki, ina jin ƙararsa a bayan shago.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan Azahar

Kwana biyu ina lissafi a bayan wannan littafi. Lissafi ba ya zama mini a kai da sauri, sai na yi sau uku kafin in yarda da shi.

Na gane yadda kwamfutar take yi. Ba ta ƙirƙiro lambobin haka kawai. Tana buga wasan ne tun daga busa har tashi, duk sanda ɗan baya ya shiga wa mai ƙwallo ya raba shi da ita sai ta ƙirga ɗaya. A ƙarshe ta tara, ta raba da mintocin da ya buga, ta ninka da casa'in. Ni 38 a minti 2,430, shi ne 1.4. Mu'awiya 105 a mintoci iri ɗaya. Babu ƙarya a nan.

Amma ɗan baya ba ya ƙwace ƙwallo sai tana ƙafar abokan hamayya. Mu Tauraro mu muke riƙe ƙwallo, kashi 62 cikin ɗari tana wurinmu. Su Mu'awiya kashi 40 suke riƙewa, sauran lokacin duk ana kansu. Wanda ake kai wa hari yini guda dole lambarsa ta yi yawa. Idan aka mayar da mu kamar kowa yana rasa ƙwallo rabin wasa, ni na koma 1.8, shi 3.3. Har yanzu ya fi ni a nan, na yarda, yana son faɗuwa ƙasa da mutum. Amma a tsinke fasin na koma 4.1, shi 1.7.

Kuma akwai abin da ba a ƙirgawa sam. Idan na tsaya a inda ya kamata, ɗan tsakiya ya ɗaga kai ya ga babu hanya ya mayar da ƙwallo baya, kwamfuta ba ta rubuta mini komai, don ban taɓa ƙwallo ba. Rabin aikina ke nan.

Wa ya koya mini duk wannan? Haris. A bara, a kan bencin shagonsa, muna cin gyaɗa. Ya san haka, ya miƙa wa Koci takardar ba tare da ya gyara ba.

Wataƙila mantawa ya yi.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan an sauko

Na kai wa Koci lissafina. Ya daɗe yana dubawa, har ya ce kaina yana ja. Ya yarda da maganar riƙe ƙwallo. Sai ya ɗora yatsa a layi na ƙarshe.

"Wanga fa? Tara."

Na ce a fili na gaskiya, cikin shekara uku, sau biyu aka ci mu ta dalilina. Ya tambaye ni wanne da wanne. Na faɗi na farko, ranar da na zame a ruwa. Na biyun na ce a Bukkuyum ne bara, ɗan gabansu ya wuce ni ban gan shi ba.

Ya ce, "Ƙaƙa mutum zai wuce ka gaba da gaba ba ka gan shi ba?"

Na ce rana ce ta shiga idona.

Asabar, 11 ga Oktoba, da safe

Lafiyata ƙalau.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan La'asar

Na roƙi Haris ya buɗe mini wasannin da kwamfuta ta buga in ga kurakuran nan tara. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya buɗe, shi yana riƙe da kwamfutar a cinyarsa, ni ina leƙe. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Duk iri ɗaya ne. Ɗan ɗigon da ke ɗauke da sunana yana bin mutuminsa daidai, yana nan, yana nan, sai kawai ya tsaya. Mutumin ya wuce. Takwas daga cikin taran bayan minti na sittin suka faru.

Na ce ya buɗe shafin makina. Ya ce akwai mai jiran caji. Babu kowa a ƙofar.

Da na fito ko sallama ban yi masa ba. Yunwa ce, ban ci abin rana ba.

Talata, 14 ga Oktoba, hantsi

Inna ta tambaye ni me ya sa ba na cin tuwo sosai. Na ce an cire ni daga tafiyar Gusau. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta ci gaba da tsince wake. Ba ta tambayi dalili ba. Inna da takan tambaye ni dalilin da ya sa na canja takalmi.

Alhamis, 16 ga Oktoba, Gummi, gidan Yaya Sahura, bayan Magariba

Na zo in ƙirga Mu'awiya da hannuna, tunda kulob ɗinsu na da wasa yau. Mun taso da hantsi, motoci biyar a jere, ba wanda ya yi magana sai da muka wuce Nasarawar Burkullu. Yayata ta yi mamakin ganina, na ce aiki ya kawo ni.

Na zauna a bakin fili da littafina. Ya ƙwace biyar, ya tsinke ɗaya, ya share bakwai, ya toshe bugun raga biyu da jikinsa. Ɗan wasa ne mai kyau, ba zan ɓoye ba. Yana barin wurinsa da yawa, amma yana da zuciya.

Da aka tashi shi ya gano ni, ya taho da gudu ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce bai ji daɗin yadda aka yi ba, ya san ni na fi cancanta. Sannan ya rage murya.

"Allah shi ba ka lahiya. Ban san kana hwama ba sai da anka hwaɗa mini."

Na ce fama da me.

Ya kalle ni, ya ga ban san an sani ba. Ya so ya janye, na riƙe hannunsa. Ya ce a wurin mataimakin Koci ya ji. Farfaɗiya, in ji su.

Na rubuta kalmar sau ɗaya. Ba zan sake ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan Asuba

Mutum ɗaya na taɓa gaya wa a duniya.

Muna shekara goma sha shida, a bayan ajinmu, ƙarƙashin dogon yaro. Na ce masa wani lokaci nakan ɗauke. Ba faɗuwa ba, ba komai ba, kawai ana magana sai in ga an riga an wuce wurin, kamar an yanke wani yanki na kaset. Daƙiƙa goma, ashirin. Na ce ina jin tun Bagega ne, tun lokacin da Baba yake niƙa dutsen zinari a tsakar gida, gubar dalma ta kama yaran gari. Ina shekara huɗu aka kawo ni asibitin Anka. Ƙanwata Hamida ba ta iso ba. Ba mu sake komawa da zama ba.

Ya ɗora hannu a ƙirji ya rantse ba wanda zai ji.

Asabar, 18 ga Oktoba, bayan Azahar

Daga tasha ban je gida ba, shagon Haris na wuce. Yana ba wani waya. Na jira mutumin ya fita, na ja ƙofa, na ɗauki kwamfutar da kaina. Bai hana ni ba. Na san inda shafin yake, ai tare muka cika shi.

Iya tsayuwa 16. Hangen ƙwallo 16. Tsalle 14. Duk yadda muka sa su. Natsuwa kuwa, da ni da shi muka rubuta 15 a wancan lokaci, yanzu 2 ce.

Natsuwa ita ce makin da kwamfuta take dubawa ta ga ko ɗan wasa zai riƙe hankalinsa har a tashi. Idan ta yi ƙasa, da wasa ya yi nisa sai ta riƙa kashe shi na ɗan lokaci. Ko golan kulob ɗin Yargalma da ke hira da 'yan kallo ana wasa, 7 muka ba shi.

Na juya masa fuskar kwamfutar. Ya ce shi bai je ya gaya wa Koci komai ba. Lambar ya canja, yana fatan alƙaluma su fitar da ni shiru, ba tare da kowa ya san dalili ba. Koci ne ya ga kuskure tara ya ƙi yarda, ya zo ya titsiye shi.

"Ƙarya za ni yi mai, Zayyad?"

"Ni ka yi wa ƙarya. Shi ka gaya mai gaskiya."

Na ce ya tuna rantsuwar da ya yi. Ya ce ya tuna. Ya ce wasan Bukkuyum na bara yana ɗauka da waya, ya ga na tsaya ido buɗe daƙiƙa goma sha takwas, ya yanke wurin kafin ya tura wa kowa. Ya ce sau huɗu yana yanke irin haka cikin shekara biyu. Ni biyu na sani.

Na ce to me ya canja yanzu.

Ya nuna ƙasa da hannu. "Inna ta zo nan. Nan inda kake tsaye."

Inna ba ta taɓa taka tasha ba in ba tafiya za ta yi ba.

Ya ce a watan Agusta ne. Ta shiga ɗakina da rana ta kawo mini fura, ta same ni a ƙasa jikina yana karkarwa, bakina da jini. Ta zauna ta riƙe ni har ya wuce, ta goge mini baki, ta ja ni kan katifa. Da na farka ba ta ce komai ba. Washegari ta sa hijabi ta zo wurinsa, ta ce ya yi duk yadda zai yi kada in je Gusau.

Na tuna ranar. Na tashi da ciwon kai, harshena a fashe. Na ɗauka cizo na yi cikin barci. Har na ba Haris labari yana dariya.

Yana dariya.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da safe

Na sami Inna tana wankin tukunya. Na durƙusa na gaishe ta, sannan na tambaye ta ko gaskiya ne. Ba ta ɗago ba. Ta ce gaskiya ne.

Na ce me ya sa ba ta gaya mini ba, jikina ne.

Ta ce da ta gaya mini da na ɓoye na tafi, ta san ɗan da ta haifa. Ta ce tun Agusta take karɓo mini rubutu tana zubawa a kunu. Sai ta ajiye tukunyar.

"An bizne mini ɗaya. Ba a bizne mini na biyu saboda tamaula."

Ba a mayar wa uwa magana. Na tashi.

Litinin, 20 ga Oktoba

Gaisuwa kawai. Ina kwana, Inna. Lahiya lau. Shi ke nan.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan La'asar

A shago mai gidana ya ce in bar guga, wani ya yi. Shekara huɗu ni nake guga. A masallaci wanda yake tsayawa kusa da ni kullum ya matsa, ya bar tazarar da yaro zai iya shiga. Ko dai ni nake ganin haka.

Na kwashe kayana daga shagon Haris: takalmin atisaye, caja, rigar da muka saya iri ɗaya. Ba ya nan, na bar wa maƙwabcinsa makullin da ya ba ni.

Wata biyu. Muna cin abinci kwano ɗaya, muna kallon ƙwallo benci ɗaya, ina gaya masa abin da zan yi in an ɗauke ni a Gusau, yana gyaɗa kai. Har ya ce zai raka ni ya ɗauki bidiyo.

Ban yi fushi ba. Ban san sunan abin da nake ji ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, hantsi

Na koma wurin Koci. Na ce na san abin da aka gaya masa. Na ce ba a taɓa kayar da ni a fili ba, kuma ba kwamfuta za ta buga a Gusau ba. Na ce ya ba ni wasan Bukkuyum, in na gaza ni da kaina zan ajiye takalmi.

Ya ce in kawo takardar likita. Na ce kafin in samu an gama wasan. Ya daɗe yana murza carbi. Ashe ɗaya daga cikin 'yan bayan ya gurɗe ƙafa jiya. Ya ce zai sa ni a rukuni na biyu, minti arba'in da biyar, ba ƙari.

Ban gaya masa zancen Agusta ba. Haris ma ashe bai gaya masa wannan ba, ɗaukewar kawai ya faɗa. Kowa yana riƙe da guntunsa.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan La'asar

Na wanke takalmi. Na ce wa Inna zan kai ɗinki Bukkuyum gobe. Ta kalli takalmin a kan katanga.

Lafiyata ƙalau. Lafiyata ƙalau.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan Asuba

Bismillahi.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Asibiti.

Talata, 28 ga Oktoba, gida, bayan Azahar

Zan rubuta yadda ya faru, abin da na tuna da abin da aka gaya mini, don kada daga baya wani ya yanke mini wani yanki.

Rabin farko ban taɓa buga irinsa ba. An haɗa mana 'yan gaban rukuni na ɗaya, waɗanda za su Gusau. Ba wanda ya wuce. Fasin shida na tsinke, ina ƙirgawa a zuciyata. Ƙwallon sama duk na ci sai ɗaya. Da aka tafi hutu ba ci, mutanen Bukkuyum da ba su san ni ba suna tambayar wane ne lamba biyar. Koci ya zo ya tsaya a kaina ina shan ruwa. Ya tambaye ni yaya jikina, na ce garau. Ya kalli agogo, ya kalle ni, ya ce in ci gaba.

Na ga Haris a bayan raga da wayarsa. Ban san ya zo ba. Na kau da kai.

Abu na ƙarshe da na tuna, an ba su bugun kwana, ina nuna wa na kusa da ni mutumin da zai riƙe. Na ji wani ɗanɗano a bakina kamar na tsotsi ƙarfe. Daga nan sai silin asibiti da fanka.

Sauran Mu'awiya ne ya gaya mini, ya zo duba ni jiya kafin a sallame ni. Minti na saba'in da ɗaya. Ya ce na faɗi kamar an sare itace. 'Yan wasa suka yi baya, wasu suna cewa kada a taɓa yawun. Wani dattijo ya taho da cokali zai cusa mini a baki. Haris ne ya tsallako ya ture shi, ya kwantar da ni a gefe ɗaya, ya cire rigarsa ya sa mini a ƙarƙashin kai, ya goge mini baki da hannunsa a gaban kowa. Yana yi yana kallon agogo. Da aka kai ni ya gaya wa likita minti uku da daƙiƙa goma ne, ya faɗi gefen da ya fara, ya faɗi na Agusta da sauran huɗun.

Likita ya tambaye shi ko ma'aikacin lafiya ne. Ya ce a'a, tun Agusta yake karantawa a waya.

Mu'awiya ya faɗi wannan don in ji daɗi. Ya ce irin wannan aboki ba a samunsa. Na ce haka ne.

Wata biyu yana karatu a kaina. Ya san yadda ake kwantar da ni, ya san mintocin da in an wuce su akwai haɗari, ya san komai. Ni da abin yake jikina ina hawa babur, ina wanka a gulbi, ban san komai ba. Kalma ɗaya ce ta gagare shi.

Laraba, 29 ga Oktoba, hantsi

Ƙwaya biyu a rana, safe da yamma. Ba babur, ba gulbi, ba wasa har sai an gani. Likita ya rubuta mini takarda zuwa Gusau a yi hoton kai ranar Litinin. Na tambaye shi ko dalmar ce. Ya ce tana iya yiwuwa, tana iya yiwuwa ba ita ba ce. Ya ce da an fara magani da wuri da wataƙila ba a kai ga haka ba, kuma akwai masu irin wannan da suke komawa fili in maganin ya karɓe su. Inna tana zaune a wurin lokacin da ya faɗi maganar fara magani da wuri. Ta sunkuyar da kai.

Koci ya zo gida. Ya ce laifinsa ne da ya bar ni na koma. Na ce ni na ɓoye masa. Shi kaɗai ne a cikinsu ya ce laifinsa ne, kuma shi ya fi kowa ƙarancin laifi.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan La'asar

Haris ya yi sallama sau uku kafin in fita. Muka tsaya a zaure. Ya rame. Ya fara ba da haƙuri, na ce ya dakata, tambaya ɗaya gare ni.

Na ce ranar da Inna ta bar shagonsa, me ya hana shi zuwa ya same ni ya ce, Zayyad, ka faɗi jiya, mu tafi asibiti.

Ya ce sau uku yana zuwa har ƙofar shagonmu da niyyar haka, ya ga ina ɗinki ina waƙa, ya koma.

"Na ji tsoron ka daina yi mini magana."

Na ce da ya faɗa, da na yi mako guda ba na kula shi, sannan in zo mu tafi asibitin tare. Yanzu ban san ko kwana nawa ba ne. Na ce na gode da abin da ya yi a fili, Allah ya saka masa, wannan daban. In mun haɗu a hanya za mu gaisa. Amma kada ya ƙara zuwa gidan nan sai na neme shi.

Ya sa takalminsa ya tafi. Na daɗe a zauren.

Yana da gaskiya, na gani da jikina. Na yi ta jira in ji wannan ya rage mini wani abu. Bai rage ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da safe

Sun tafi Gusau. Na ji hon ɗin motarsu daga ɗaki.

Litinin, 3 ga Nuwamba, Gusau, a bencin asibiti, kafin Azahar

An yi hoton, sai nan da mako biyu za a ba da sakamako. Muna jiran takardar magani.

Na ce zan zo ni kaɗai, Inna ta riga ni shirya. A mota aka ba mu baya, ita a jikin taga. Tun daga Anka ba mu yi magana ba. Ta riƙe bakin rigata da yatsu biyu, ta ƙasa inda sauran fasinja ba za su gani ba, duk ramin da muka faɗa sai ta ƙara damƙewa. Na so in janye. Na kalli hannun, na ga yadda ya tsufa, ban san yaushe ya zama haka ba.

Da muka kusa shiga gari ta tambaye ni, ba tare da ta juyo ba, ko na sha ƙwayar safe.

Na ce, "Na sha, Inna." Sannan na tambaye ta ko ta karya.

Ta ce a'a. Tun jiya ba ta ci komai ba.

Yanzu zan rufe littafin in je bakin ƙofa in sayo mata ƙosai.